Nazarin Lamari: Telan da Ya Shekara Yana Ɗaga Ƙarfe Damtsensa Bai Ƙara Inci Guda Ba

Asalin lamarin: Yuni 2023

Saurayin da wannan rubutu ya shafa tela ne a cikin birnin Kano, ɗan shekara 26 a lokacin da ya fara. Ɗinkin maza yake yi, kaftani da 'yar shara da babbar riga, a shagon da suke zaune su huɗu. Shi yake yi mini ɗinki tun yana yaron shago, kuma wuri ɗaya muke zuwa ɗaga ƙarfe: wani fili mai rufin kwano a bayan garejin kanikawa, inda rabin kayan na kanti ne, rabin kuma siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti, da tsofaffin ƙarafunan mota da mai walda ya harhaɗa.

Siriri ne tun yana yaro, kuma abin yana damunsa. Ranar da ya fara zuwa na tambaye shi me yake nema, ya ce, "Yaya, so nake in ɗinka wa kaina riga ta zauna a kafaɗata, ba ta yi kamar an rataye ta a ƙusa ba."

Sana'arsa ta taimaka wa wannan nazari. Tef ba ya barin wuyansa, don haka duk wata yakan auna kansa ya rubuta a shafin ƙarshe na littafin awon kwastomomi. Awon farko, na watan Yuni 2023, shi ne: nauyi kilo 61, damtse inci 12 idan ya murɗe shi, ƙirji inci 35, cinya inci 19 da rabi, ƙugu inci 29. Idan ya kwanta a benci yana iya tura kilo 30 sau 8.

A nan gaba za a riƙa ganin kalmar zubi. Idan mutum ya ɗaga ƙarfe sau 8 ko 10 a jere, ya ajiye ya huta, ya yi zubi ɗaya ke nan.

Tsarin kwana biyar: Yuni zuwa Disamba 2023

Tsarin da ya tarar kowa na bi a wurin shi ya ɗauka, wato kowace rana da gaɓarta. Litinin ƙirji, Talata gadon baya, Laraba damtse, Alhamis kafaɗa, Juma'a ƙafa. Haka yake gani a bidiyon manyan 'yan wasan gina jiki a wayarsa, haka kuma wanda ya fi kowa ƙirji a wurin yake yi. Kowace tsoka sau ɗaya a mako ake taɓa ta, amma ranar da aka zo kanta ba a raga mata. Ranar Litinin yakan yi wa ƙirji zubi 20, wani lokaci har 24: benci a miƙe, benci a karkace, dambel (gajeren ƙarfen da ake riƙewa da hannu ɗaya), sannan a ƙare da turawa a ƙasa har sai hannu ya ƙi ɗauka. Washegari ba ya iya ɗaga dutsen guga sai da cije baki, kuma wannan tsamin jikin shi yake ɗauka shaidar cewa aiki ya shiga.

Watanni shida na farko sun yi kyau. A Disamba 2023 nauyinsa ya kai kilo 64, damtse inci 12 da kwata uku, ƙirji 36 da rabi, benci kilo 50 sau 8. Cinya ce kawai ta tsaya a 19 da kwata uku. Irin wannan saurin na farko sananne ne. A makonnin farko yawancin ƙarin ƙarfin daga jijiyoyi yake zuwa, domin jiki yana koyon yadda zai tattara tsokar da yake da ita ya yi aiki da ita, kuma jikin da bai taɓa ganin ƙarfe ba kusan kowane tsari yana motsa shi.

Tsayawa cak, da ƙoƙarin farko: Janairu zuwa Afrilu 2024

Daga Janairu awo ya daina motsi. Kilo 50 ɗin nan na benci ta zama katanga. Abin da ya fara yi shi ne ƙara yawa: zubin ƙirji ya koma 28, na damtse 20. Yakan shafe awa biyu a wurin. Na sha tsayawa a kansa ina tare masa ƙarfe, kuma na ga yadda ranar take tafiya. Zubi biyar ko shida na farko da kilo 50 yake yin su, tsaf. Daga nan sai a rage zuwa 40, sai 35. Zuwa zubi na ashirin kilo 25 ce a kan sandar, yana gantsare baya, ƙafafu na shure-shure, ni ke ɗaga rabin nauyin.

An tashi da azumi ranar 11 ga Maris 2024. Duk wanda ya san tela ya san abin da watan yake nufi: ɗinkin Sallah, kwana a kan keke, barcin awa uku ko huɗu bayan asuba, ga zafin bazarar Kano. Mako biyu ya yi ƙoƙarin riƙe kwana biyar ɗin bayan tarawi, ya kasa, ya ajiye gaba ɗaya. Bayan Ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, ya auna kansa: kilo 62, damtse 12 da rabi, benci kilo 45 sau 8.

Ƙoƙari na biyu: Mayu da Yuni 2024

Da ya dawo, sai ya ƙara rana ta shida, Asabar, ya sake ba ƙirji da damtse. Ya sayi robar garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, da kuɗin da ya kusa kai na ɗinkin kaftani uku. Wani a wurin ya kawo masa shawarar ƙwayoyin ƙiba irin waɗanda ake sayarwa ba da takardar likita ba, wani kuma ya yi masa tayin allura. Da ya tambaye ni, na gaya masa abin da na sani: daga cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai deksametason, wanda yake kumbura fuska da ciki, amma idan aka daɗe ana sha yana zaizaye tsoka ne, yana kuma iya tayar da sukari da hawan jini. Allurar sitiroyid kuwa tana gina tsoka, sai dai tana taɓa zuciya, tana danne maniyyi, ga shi yana shirin aure. Bai karɓi ko ɗaya ba.

Mako na biyar da fara kwana shida, gaban kafaɗarsa ta hagu ya soma ciwo, irin wanda yake soka idan ya ɗaga hannu zai ɗauko yadi daga kanta. Gwiwar hannunsa ta dama ma ta fara. Ɗinkin Babbar Sallah, ta 16 ga Yuni, ya sake raba shi da wurin kwana goma. Awon ƙarshen Yuni: kilo 64, damtse 12 da kwata uku, benci kilo 50 sau 6, da ciwo. Inda yake a Disamba, nan ya koma. Shekara guda cur da farawa, damtsen bai ƙara cikakken inci ba, kuma ya ce mini zai bari.

Ƙidaya: Yuli 2024

Na roƙe shi kafin ya bari mu zauna mu duba abu ɗaya. Mai wurin yana da littafin da kowa ke sa hannu idan ya shigo, saboda lissafin kuɗin wata. Muka ari littafin, muka ɗauki makonni goma daga 1 ga Janairu zuwa 10 ga Maris, lokacin da babu azumi babu Sallah, muka ƙirga. A tsarinsa ya kamata a ga sa hannunsa sau 50. Sau 31 muka samu. Litinin 10, Talata 8, Laraba 7, Alhamis 4, Juma'a 2.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, ni a raina kwana biyar nake zuwa."

Dalilin a fili yake. Alhamis da Juma'a ranakun matsi ne a shagon tela. Kowa yana son kayansa kafin masallacin Juma'a ko ɗaurin auren ƙarshen mako, kuma idan wuta ta zo da dare dole a zauna a yi guga da aikin wuya. To a tsarin da kowace gaɓa ke da rana ɗaya tak, wanda ya rasa Juma'a ya rasa ƙafa na mako guda. Shi cikin mako goma sau biyu ya yi ƙafa, kafaɗa sau huɗu. Ƙirjin da bai taɓa fashi ba kuwa yana shan zubi 28 a zama ɗaya, sannan ya yi kwana shida ba a taɓa shi ba.

Muka duba abinci. Koko da ƙosai da safe, shinkafa ko taliya da mai da yaji da rana, tuwo da dare, nama sai jefi-jefi. Garin furotin ɗin ya ƙare a mako uku. Muka kuma lura cewa bai taɓa rubuta nauyin da ya ɗaga ko sau nawa ya ɗaga ba. Jikinsa yake aunawa, aikin kuwa da ka yake riƙe shi.

A zaman ne na gaya masa abin da masu bincike suka samu. Bayan an wahalar da tsoka, aikin gina ta yana ƙaruwa na kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma yadda yake. A 2016 Brad Schoenfeld na Amurka da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka ga taɓa tsoka sau biyu a mako ya fi sau ɗaya haifar da girma. A 2017 suka nuna cewa girma yana bin yawan zubin mako, kuma zubi 10 ko fiye ga kowace tsoka ya fi ƙasa da haka. A 2019 suka sake dubawa da ƙarin gwaje-gwaje, suka ga idan jimillar aikin mako ɗaya ce, bambancin da yawan ranaku ke kawowa kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi baligi ya motsa dukkan manyan tsokokinsa kwana biyu ko fiye a mako. Na ƙara masa da cewa Steve Reeves, wanda ya ci gasar gina jiki ta Mista Yunibas a 1950, jiki gaba ɗaya yake yi sau uku a mako.

Sauran watan Yuli bai taɓa benci ba. Ya je ya ga likitan gashin ƙashi, aka ba shi motsa kafaɗa marar nauyi, ciwon ya lafa.

Kwana uku, jiki gaba ɗaya: Agusta zuwa Nuwamba 2024

Ranakun muka fara zaɓa kafin komai, kuma daga shago muka ɗauko su: Asabar da yamma, Litinin, Laraba. Alhamis da Juma'a aka bar wa keke.

Aka tsara zama iri biyu yana musanya su. A na farko, tsugunno da ƙarfe a kafaɗa zubi 3, benci zubi 3, jan ƙarfe zuwa ciki a sunkuye zubi 3, tura ƙarfe sama zubi 2, lanƙwasa damtse zubi 2. A na biyu, ɗaukar ƙarfe daga ƙasa zubi 3, dambel a benci mai karkata zubi 3, jan jiki sama a sanda zubi 3, taku da durƙuso zubi 2, bayan damtse zubi 2. Zubi 13 ke nan a kowane zama, awa ɗaya ta ishe shi. Ƙirji ya sauko daga zubi 28 a mako zuwa 9.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Kowane zubi tsakanin ɗagawa 8 da 12. A tsaya saura ɗaya ko biyu kafin hannu ya ƙi. A huta minti biyu ko uku a manyan ɗagawa, ba daƙiƙa talatin da ya saba ba. Ranar da ya cika 12 a duk zubin, zama na gaba a ƙara nauyi. A nan muka ci karo da wata matsala ta wurin: mafi ƙanƙantar faifan ƙarfe kilo 2 da rabi ne, wato kowane ƙari kilo 5 ne, wanda ya yi wa mai ɗaga 50 yawa. Sai mai walda na garejin ya yanko mana zobba biyu daga wani tsohon ƙarfe, muka kai wa mai sikelin kifi ya auna, kowanne ya kusa kilo 1. Da su ya riƙa hawa. Ya kuma sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, komai ya ɗaga sai ya rubuta.

Makonni uku na farko sun yi masa wuya, ba a jiki ba, a zuciya. Yana gamawa abokansa na tsakiyar aiki, washegari kuma babu tsamin jikin da ya saba. Sau biyu na same shi ya koma ya ƙara zubin damtse a ɓoye. "Yaya, wannan fa kamar wasa nake yi," in ji shi. Na ce ya buɗe littafin. Benci ya fara da kilo 42 a farkon Agusta don kare kafaɗa. A mako na shida yana tura 50 sau 11, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan ya daina gardama.

Abinci ma an gyara. Binciken da Robert Morton da Stuart Phillips na jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar da abokan aikinsu a 2018 ya nuna amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana kaiwa ƙololuwa a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai kilo 64, kusan giram 100 ke nan. Ba a sake sayen gari ba. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, don haka ya riƙa cin uku wurin mai shayi da safe. Shinkafar rana ta koma shinkafa da wake ko garau-garau mai yawan wake, da awara daga wurin yarinyar da ke soyawa a bakin layi. Ƙuli-ƙuli ya samu gurbi a aljihun keken ɗinki, fura da nono kuma bayan la'asar, kifi ko nama idan aljihu ya yarda. Ya kuma yi wa kansa dokar rufe shago ƙarfe 11 a daren da zai wayi gari da ɗaga ƙarfe.

Cikin makonni 16 da aka tsara zama 48, ya halarci 43. Awon ƙarshen Nuwamba: kilo 67, damtse 13 da kwata, ƙirji 38, cinya 21, benci kilo 60 sau 8. Tsugunno ya tashi daga kilo 40 zuwa 70.

Kwana huɗu, sama da ƙasa: Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025

Da nauyin ya ƙaru, tsugunno da benci da jan ƙarfe a zama ɗaya suka fara cinye shi, na ƙarshe yana shan wuya. Sai aka raba jiki biyu: Asabar da Talata sama, Lahadi da Laraba ƙasa. Kowace tsoka sau biyu a mako, zubi 12 ga ƙirji da baya da cinya. A ƙarshen Fabrairu: kilo 69, damtse 13 da rabi, cinya 21 da kwata uku, benci kilo 65 sau 8, tsugunno kilo 80 sau 8, ƙugu 30 da rabi.

Azumi na biyu: Maris 2025

Azumi ya kama 1 ga Maris. Wannan karon tun kafin a ga wata aka yanke cewa ba gini za a yi ba, riƙo za a yi. Akwai gwajin da aka wallafa a 2011 daga jami'ar Alabama da ke Birmingham ta Amurka, inda matasan da suka yi mako 16 suna gina tsoka suka rage aikinsu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ba tare da rage nauyin ƙarfen ba, kuma tsokar ta zauna har tsawon mako 32. A kan wannan muka dogara. Zama biyu a mako bayan tarawi, minti 35, ɗagawa huɗu, zubi bibbiyu, nauyin yana nan yadda yake. A goman ƙarshe, da ɗinki ya taso, sau ɗaya kawai ya zo. Bayan Sallar 30 ga Maris awonsa ya nuna kilo 68, damtse 13 da rabi, benci kilo 65 sau 7.

Sakamako: Yuni 2025

Shekara biyu da farawa: kilo 70, damtse inci 13 da kwata uku, ƙirji 39, cinya 22, ƙugu 31, benci kilo 70 sau 6. A shekarar farko damtse ya ƙara kwata uku, cinya kwata ɗaya. A ta biyu damtse ya ƙara inci guda, cinya inci biyu da kwata, da ranaku ƙasa da na da, da zubin ƙirji da bai kai rabin na da ba. Ƙugun da ya ƙara inci biyu yana nuna cewa wani ɓangare na kilo 9 ɗin kitse ne.

Hukunci

Abokansa a wurin sun ce sirrin shi ne taɓa tsoka sau biyu ko uku a mako. Ina ganin wannan ɓangare ne na gaskiyar, ba dukkanta ba. Abubuwa huɗu aka sauya a watan Agusta ɗaya: rabon ranaku, rubuta aiki da ƙara nauyi a hankali, abinci, da barci. Kowanne yana da rabonsa a sakamakon.

Amma idan aka ce in sa yatsa a kan inda tsarin farko ya karye, littafin sa hannu zan nuna. An gina tsarin ne a kan kwana biyar, shi kuwa kwana uku yake da su. Tsarin kowace rana da gaɓarta yana yi wa mutane da yawa aiki, kuma binciken 2019 ya goyi bayan haka, muddin mutum yana cika ranakun, yana kuma ƙara nauyi. Rauninsa shi ne ba ya yafe fashi. A tsarin jiki gaba ɗaya, ranar da tela ya rasa, kowace gaɓa ta rasa kashi ɗaya cikin uku ne na makonta. A tsohon tsarin, Juma'ar da ya rasa ta tafi da ƙafa ɗungurungum. Shi ya sa cinya ce ta fi kowace gaɓa sauyawa: da ba a yi mata aiki, yanzu ana yi.

Ƙirji kuma darasinsa daban ne. Zubi 28 a takarda ba zubi 28 ba ne a jiki. Shida na farko ne ke da nauyin da zai tilasta wa tsoka girma; sauran gajiya suke tarawa, suna kuma goge kafaɗa. Da aka watsa zubi 9 zuwa 12 a kan kwana biyu ko uku, kusan kowanne ya zama irin waɗancan shidan. Amfanin yawaita ranaku a wannan lamari ke nan: ya ba shi damar yin kowane zubi da sabon ƙarfi.

Ƙoƙarinsa biyu na farko, ƙara zubi da ƙara rana, duk sun tashi ne daga zaton cewa ƙwazo ya gaza, alhali ƙwazo bai taɓa yi masa ƙaranci ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ya kusa ajiye ƙarfe yana ganin jikinsa ne ba ya karɓa, kuma a daidai wannan gaɓar ne masu allura suka same shi.

Yanzu yana kan kwana huɗu, yana komawa uku duk lokacin da biki ya yi yawa a shago. Sharaɓarsa har yau ba ta motsa sosai ba, kuma kafaɗar hagu tana yi masa magana idan ya buɗe hannu da yawa a benci, don haka ya matso da riƙonsa ciki da faɗin tafin hannu ɗaya. Kaftanin da ya ɗinka wa kansa na Babbar Sallar 2025 sai da ya ƙara inci ɗaya a kafaɗa a kan tsohon awonsa.